Tashar Jirgin Kwatano a Kan Teburi

Wanda ya tashi a Zongon Kwatano ba sai an yi masa kwatancen tashar jirgin ƙasa ba, maƙwabciyarsa ce. Amma tare yaro ɗan shekara goma sha biyar a unguwar, ka tambaye shi abin da ake yi a cikinta, sai ya tsaya yana kallonka. Bai san zamanin da jirgin fasinja ke tashi zuwa Faraku ba, bai san hayaniyar masu dako da masu rakiya ba, bai san yadda ake haɗa tarago da tarago ba. Abin da ya sani shi ne tirela, da babur ɗin haya, da hayaƙinsu. Dattawan da suka san aikin kuwa, waɗanda suka ci tuwo da guminsa, suna nan a bakin masallaci, kullum adadinsu na raguwa.

Shawarar da nake so in kawo wa matasan Zongo za ta yi wa wasu kama da wasan yara. Su kafa ƙungiya, su gina tashar nan da rumfar gyaran jiragenta a kan teburi, ƙarama, da layinta da taragunta da kan jirgin da ke tafiya da lantarki. Ina ganin babu aikin hannu da zai haɗa musu tarihi da lissafi da sana'a a wuri ɗaya kamar wannan.

Layin da ake magana a kai Faransawa ne suka fara shimfiɗa shi a 1900, daga bakin teku, lokacin ƙasar tana amsa sunan Dahome. Ya bi ta Pahou da Bohicon da Dassa da Savè, bai isa Faraku ba sai 1936, tsawon kilomita 438. Niyyar ita ce ya kai kogin Kwara, har sunan Benin da Nijar aka laƙaba masa, amma a Faraku ya tsaya. Daga nan sai a sauke kaya a ɗora wa motoci su bi ta Malanville da Gaya da Dosso zuwa Yamai. A 1959 Dahome da Nijar suka kafa hukuma ɗaya ta gudanar da shi, wadda bayan an sauya sunan Dahome zuwa Benin a 1975 aka san ta da OCBN. Ta wannan hanya gyaɗar Nijar ta riƙa sauka teku, daga baya yuraniyom na Arlit ya biyo, kayan shaguna kuma suka riƙa hawa arewa. Ma'aikatansa na cikin waɗanda suka shiga babban yajin aikin reluwe na ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, wanda aka fara a watan Oktoba na 1947 aka kai Maris na 1948. Bahaushen Zongo, ɗan kasuwa ne ko dillali ko mai masauki, cinikinsa ya daɗe yana rataye da wannan ƙarfe.

Ƙoƙarin baya-bayan nan na ƙarasa layin ya tsaya a hanya. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Dosso, aka yi bikin buɗewa a farkon 2016, amma shari'a tsakaninsa da kamfanin Petrolin na Samuel Dossou kan wanda ke da haƙƙin aikin ta tsayar da komai, tsakanin Dosso da Faraku kuwa har yau babu dogo. In layi ya tsaya haka, filin tasharsa a tsakiyar birni kamar Kwatano ba ya zama banza na tsawon lokaci. Wanda zai auna rumfunan nan ya zana su, yanzu ne lokacinsa.

Gina ƙananan jirage tsohuwar sana'a ce a Turai. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da jirage masu layin da ake haɗawa gaɓa-gaɓa, da faɗi tsayayye, a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891. A Landan akwai ƙungiyar masu wannan sha'awa da aka kafa tun 1910, tana nan har yau. A Hamburg, gidan kallon Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001 yana da layin da tsawonsa ya haura kilomita 15 in an haɗa shi, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar Hausa ya fere kara ya yi mota, ya lanƙwasa langa-langa, ya yanka silifas ya yi taya. Abin da ya raba motar kara da wannan aiki abu ɗaya ne: awo. Yaro yana yin motarsa yadda idonsa ya ba shi, a nan kuwa komai sai an raba shi da lamba ɗaya, daga tsawon rumfa har kaurin ƙofa.

Lambar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce 87, ma'aunin da ake kira HO. Mutum mai tsawon mita 1.74 yana komawa santimita 2. Babban layi irin na Turai, wanda tsakanin ƙarafansa milimita 1,435 ne, yana komawa milimita 16.5, kuma wannan shi ne layin da aka fi samu a shaguna, sabo da na hannu. To a nan matsalar Kwatano take, domin layinta siriri ne, mita ɗaya cif. In aka raba da 87 sai ya ba da milimita 11.5, masu sana'ar sukan yi amfani da layin milimita 12 a madadinsa, shi kuwa yana da wuyar samu kuma da tsada. (Tsohon layin Najeriya da ya isa Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon da ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi kuma babban ne. Ke nan ko da layukan sun haɗu wata rana, tarago ɗaya ba zai bi su duka ba.)

A ganina mafita ita ce a juya lissafin. A sayi layin milimita 16.5 mai araha, a ce shi ne mita ɗaya, sai lambar rabawa ta zama kusan 60. Da wannan, mutum zai kai kusan santimita 3, taga da ƙofa za su yi girman da hannu zai iya yanka su da reza, kuma ƙananan motocin wasa na ƙarfe irin su Majorette, da ake tsinta a kasuwar gwanjo, za su zauna a wurin ba tare da sun yi wa ido bambaraƙwai ba. Masu wannan sha'awa a New Zealand, inda layinsu ma siriri ne, dabarar da suke bi ke nan, da lamba 64. Abin da za a saya daga waje kaɗan ne: layi, ƙafafun tarago, da injin ƙasan kan jirgi. Gangar jiki kuwa a yi ta a gida, da kwali mai kauri da gwangwanin madara da roba, a shafa mata launin da tsofaffin ma'aikata suka tabbatar shi ne na gaskiya.

Me ya sa rumfar gyara da filin jera taragu, ba dogon layin ba? Lissafi ne ya yanke hukunci. Kwatano zuwa Faraku, in an raba da 60, ya haura kilomita 7, babu zauren da zai ɗauka. Fili mai tsawon mita 300 kuwa mita 5 ne, ɗakin aji ɗaya ya isa. Sannan jirgin da ke zagaye da'ira kamar jakin niƙa, minti biyar ya ishi mai kallo. A filin tasha ne aiki yake. Kan jirgi ya fito daga rumfa, ya sha mai, ya ja da baya ya ɗauki taragun auduga, ya ajiye mai matsala a layin gyara, ya jera sauran bisa tsarin tashoshin da za a sauke su. Akwai wani wasa da wani Baturen Ingila, Alan Wright, ya shahara da shi: layuka uku, ɗaya na ɗaukar tarago 5, biyu na ɗaukar uku-uku, taragu 8 ne a fili, a ce ka fitar da 5 cikin jerin da ƙuri'a ta ba ka. Jerin da zai iya fitowa ya kai 6,720. Yaron da ya ƙware a wannan ya koyi tsara tunani kafin ya motsa hannu. Kuma gudu ma da awonsa. Kan jirgin da ke jeren taragu da gudun kilomita 10 a awa, a kan teburi bai kai santimita 5 a daƙiƙa ba, don haka mai riƙe da makunni sai ya koyi haƙuri.

Ƙarƙashin teburin ne makarantar gaske take. Ƙarafan layin biyu su ne wayoyin wuta, ɗaya na kaiwa ɗaya na dawowa, ƙarfin bai wuce bolt 12 ba, batirin babur ma ya isa, ɗaukewar wuta ba za ta tsayar da aiki ba. In ka juya wayoyin, jirgi ya ja da baya. Sauƙin nan yana ƙarewa ne a mararraba, inda layi ɗaya ke rabuwa biyu, domin a tsakiyarta ƙarfen dama na wannan yana gamuwa da ƙarfen hagu na wancan, in ba a yanka an raba su ba wuta ta haɗu, komai ya tsaya cak. Rumfar gyara kuwa mararraba ce kan mararraba. Haka kuma in kawunan jirgi uku na tsaye a layuka uku, dole kowane layi ya sami makunninsa, in ba haka ba duk su tashi tare. Akwai tsarin zamani da ake kira DCC, inda ake saka wa kowane kan jirgi ɗan guntun kwamfuta mai lambarsa, wuta na kan layi kullum, umarni ne ke bi ta cikinta ya sami wanda aka kira. Ni dai zan so a fara da tsohon tsarin, a sha wuyarsa, domin nan ne ake gane yadda wuta ke tafiya. A jami'ar MIT ta Amurka, ɗalibai sun kafa irin wannan ƙungiya a 1946, kuma waɗanda suka riƙa kwana a ƙarƙashin teburi suna haɗa wayoyi da kayan musayar tarho, daga cikinsu ne aka sami wasu na sahun farko a harkar sarrafa kwamfuta. Mai gyaran wayar hannu da ke bakin titi a Zongo, wanda ke riƙe dalma da hannu ɗaya ba ya rawa, ya riga ya yi rabin wannan karatu.

Kwatano tana da nata abokan gaba, danshi da iskar teku. Layin baƙin ƙarfe zai yi tsatsa cikin damina ɗaya, jirgi ya riƙa tsayawa yana tashi, saboda haka a nemi na farin ƙarfen da ake haɗawa da nikel, a riƙa goge shi kafin kowane zama. Katako kuma a shafe shi da fenti ciki da waje kafin a ɗora komai, in ba haka ba zai kumbura ya karkace, kuma karkacewar milimita ɗaya a mahaɗa ta isa ta kayar da tarago. Yashin bakin teku kyauta ne, amma gishirinsa na cin ƙarfe, sai an wanke shi an shanya an tankaɗe kafin ya zama tsakuwar layi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma aikin da kansa yana rabuwa. A Turai ƙungiyoyi irin su FREMO sun daɗe da warware wannan: kowa ya gina nasa yanki a gida, a kan akwatin da zai iya ɗauka, amma bakin kowane akwati tsayinsa da wurin fitar layinsa iri ɗaya ne, ranar taro sai a jera a ɗaure da kusoshi. Wannan ya dace da Zongo, inda ɗaki ke da tsada. Kafinta ya yi akwatunan, maƙerin gwangwani ya yi rufin rumfa, mai zanen alluna ya yi rubutun jikin taragu, ɗaliban sakandare, maza da mata, su riƙe tef da littafin awo. Kuɗin kan jirgi a tara shi da adashe. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ajiye siffar mutum ba, babu dole, tasha tana cika ido ko da taragu da rumfuna kaɗai. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai shi ne, tun ranar farko a rubuta cewa kayan na ƙungiya ne, a kuma rubuta wanda ke riƙe da makulli, domin ƙungiyoyi da yawa ba rashin kuɗi ne ke kashe su ba, rashin wannan takarda ne.

Zaman farko ba na guduma da zarto ba ne. A nemi izinin masu kula da tashar a rubuce, kada kowa ya tsallaka katanga ko ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto ba da saninsu ba. Sannan a je gaida tsofaffin ma'aikata, Hausawa da Fon da Yarbawa da Dendi, da goro a hannu da babbar takarda. A shimfiɗa ta a gaban dattijo, a miƙa masa fensir, a ce, «Baba, ranka ya daɗe, ina layin da kan jirgi ke bi ya shiga rumfa? Ina ramin da kuke sauka ku duba ƙarƙashinsa? Wa ke juya mararraba, da wane irin tuta yake ba da hannu?» Abin da wannan ya zana a kai wa wancan ya duba, in sun saɓa a haɗa su wuri ɗaya bayan la'asar, a kunna rikoda, a bar su su yi gardamarsu har su daidaita a kan inda tankin mai yake.