Mece ce jarrabawar Turanci ta B2?

A Sifaniya, iyaye da malaman sakandare sun cika maganar B2. To mece ce ita?

Mataki ne a ma'aunin ƙwarewar harshe da Majalisar Turai ta fitar a 2001, mai hawa shida daga A1 zuwa C2. B2 shi ne na huɗu. Mai shi zai iya karanta jarida, ya yi muhawara, ya rubuta wasiƙa ba tare da yawan tuntuɓe ba. Fitacciyar jarrabawarsa ita ce B2 First ta Cambridge, akwai kuma ta 'yan makaranta.

Kashi huɗu gare ta: karatu haɗe da nahawu, rubutu, sauraro, sai magana, inda ake zaunar da ɗalibai biyu-biyu. Ana buƙatar maki 160 kafin a ci.

Wurin da gumi ke zuba shi ne nahawu. Akan ba ɗalibi jimla da kalma ɗaya, a ce ya cike gurbi a wata jimla da kalmomi biyu zuwa biyar, har da kalmar, ma'anar jimlar farko ba ta sauya ba. Nan harshen uwa ke yi masa tarko. Ɗan Sifaniya cewa yake "tengo 15 años", wato ina da shekara 15, sai ya ɗauko ginin ɗungurungum ya kai Turanci. Bahaushe ma ya san wannan ramin.

Masu neman jami'a ko aiki ne suka fi damuwa da ita, kuma takardar ba ta da wa'adin ƙarewa.