Aikin Kula da Masu Shaye-shaye: Me Yaro Zai Karanta, Me Zai Tarar?



Idan yaro ya ci jarrabawar BAC, aka zauna a tsakar gida ana shawarar abin da zai karanta, sunayen da kan fito sanannu ne: likitanci, shari'a, aikin duwan, injiniyanci, ko malanta idan sauran ƙofofin sun rufe. Da wuya ka ji uba ya ce yana son ɗansa ya koyi kula da waɗanda ƙwaya ta kama. Alhali kuwa da wuya a sami unguwa a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa wadda babu wani gida a cikinta da ke ɓoye wannan ciwo.

A watan Maris na 2021 jami'an tsaro sun kama tan 17 na ƙullin tabar wiwi a Yamai. A maƙwabciyarmu Nijeriya, binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa mutum miliyan 14.3, masu shekaru 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda. Kama masu fatauci aikin hukumar OCRTIS ne da ƴan sanda da jandarmomi. Amma shi wanda abin ya riga ya shiga jininsa, wa zai zauna da shi?

Galibi iyaye kan fara da faɗa, su koma nasiha, su kai ga duka. Idan duk ya faskara sai a nemi gidan mari. Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2019 ƴan sanda sun buɗe wani irin wannan gida a Kaduna, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Iyayen da suka kai su ba mugaye ba ne. Dabara ce ta ƙare musu, kuma ba su san wata ƙofa da za su ƙwanƙwasa ba. Samar da wannan ƙofa shi ne aikin da muke magana a kansa, kuma sana'a ce da ake koyo kamar yadda ake koyon ungozomanci. Kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa.

Sanin jiki kafin sanin magana

Mu ɗauki tramol, wato tramadol, tunda shi ya fi yawo a hannun matasanmu. Maganin kashe zafin ciwo ne da wani kamfanin Jamus ya fitar kasuwa a 1977. Wanda likita ke rubutawa yawanci miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a ɓoye a tashar mota kuwa yakan kai 225 ko 250 a ƙwaya guda. Ɗan kabu-kabu da ɗan dako da mai haƙar zinariya a Jado, da yawansu ba don annashuwa suka fara ba, sai don jiki ya jure aikin da ya fi ƙarfinsa. Sannu a hankali jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma huɗu, har wata rana mutum ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya.

Ranar da ya yi niyyar dainawa kuma, sai ciwon gaɓoɓi da gumi da gudawa da rashin barci da fargaba su taso masa, su ɗauki kamar mako guda. Wanda bai san haka ba zai ce yaron raki yake yi, ko kuma tubarsa ta baki ce. Ma'aikacin da ya yi karatu ya san cewa jiki ne ke neman abin da aka saba masa. Ya san kuma cewa wanda ya daɗe yana shan giya ko ƙwayar barci irin diyazefam, idan aka yanke masa lokaci guda ba tare da kulawar likita ba, yana iya rasa ransa. Akwai wani haɗari ma da iyaye kaɗan suka sani: wanda ya yi watanni a tsare bai sha ba, juriyar jikinsa ta ragu, idan ya fito ya koma ga adadin da ya saba a da, wannan adadin na iya tsayar masa da numfashi.

Wannan ilimi kuma ba ya tsayawa wuri guda. Da Indiya ta tsananta dokar tramadol a 2018, sai ƴan kasuwa suka ɓullo da wata ƙwaya mai haɗin tapentadol da carisoprodol, wadda hukumomin can suka haramta a watan Fabrairu na 2025. Duk wanda ya shiga aikin nan ya shiga karatun da ba ya ƙarewa.

Ƙofofin shiga

Ba lallai ne kowa ya zama likita ba. Mai sha'awar aikin jinya yana iya shiga makarantar kiwon lafiya ta ƙasa, ENSP, a Yamai ko Damagaram, daga baya ya nemi ƙwarewa a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa. A karkara ma, manjon asibiti shi ne mutum na farko da ake kai wa yaron da ya faɗi, saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, don a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane irin waɗannan larurori da fara magance su. Mai dogon numfashi sai ya karanta likitanci a Jami'ar Abdu Mumuni, ya ƙara shekara 4 na ƙwarewa a kan cututtukan ƙwaƙwalwa. Akwai kuma ilimin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa a jami'a, da aikin jin daɗin jama'a, wanda makarantar ENTSS ta Dakar ta shahara da koyarwa. Bayan diploma, ƙungiyar Colombo Plan tana da jerin darussa na musamman kan jinyar masu shaye-shaye, mai suna UTC, da jarrabawar da ke ba da shaidar ICAP.

Amma a gwajin aiki, wato sitaj, ake gane mai iyawa. Sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin Yamai, wanda kowa ya sani da Pavillon E, da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kusa da Sakkwato, da cibiyar CEPIAD da aka buɗe a asibitin Fann na Dakar a 2014, irin wuraren da ɗalibi zai ga gaskiyar aikin ke nan. Shawararmu ita ce kada yaro ya yanke hukunci kafin ya nemi izini ya zauna da masu wannan aiki, ya ga yadda yininsu ke gudana.

Abin lura, sanya dangi cikin jinya ba baƙon abu ba ne da aka kawo mana daga Turai. A 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyen Aro kusa da Abekuta. A Fann kuma, a zamanin Henri Collomb, an mai da shi ƙa'ida mara lafiya ya kwanta da ɗan rakiya daga gidansu. Yaron da ya tashi a babban gida, ya san matsayin kawu da goggo da kaka, yana da jari a hannunsa tun kafin ya shiga aji.

Kunne ya fi baki aiki

Mafi wuyar darasi ga ɗanmu shi ne yin shiru. Mun saba babba ya yi magana, ƙarami ya sunkuyar da kai ya ce "to". Mai shan ƙwaya ya ji nasiha har ta gundure shi. Ya san abin da yake yi ba daidai ba ne fiye da mai gaya masa. A 1983 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, William Miller, ya bayyana wata hanyar tattaunawa wadda ta yaɗu a duniya: maimakon a jera wa mutum dalilan dainawa, sai a yi ta tambayarsa har dalilan su fito daga bakinsa. Me ƙwayar ke yi maka wanda kake so? Me ta raba ka da shi? Ina kake son ganin kanka ranar auren ƙanwarka? Ɗalibi zai koyi wannan da Faransanci, amma da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci zai yi aiki da shi, a gindin bishiya ko a fada wajen shan shayi. Wanda ya raina harshen gida ya raina rabin kayan aikinsa.

Addininmu bai bar ɗalibi hannu sake ba a nan. Haramcin kayan maye tabbatacce ne, kuma kare hankali yana cikin manyan manufofin shari'a. Amma a tuna, hukuncin giya daki-daki ya sauka, daga Suratul Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida. Kuma a cikin Sahihul Buhari akwai labarin mutumin da aka sha kawowa saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. Limami da ma'aikacin jinya ba kishiyoyi ba ne; kowa dai ya san iyakar fagensa.

Sai maganar ƴaƴa mata. Binciken Nijeriya da muka ambata ya nuna cewa cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye, ɗaya mace ce. Matar aure da ta saba da maganin tari mai kodin ba za ta buɗe cikinta ga namiji ba, wataƙila ma ba za a bar ta ta je wurinsa ba. Idan ba mu bar ƴaƴanmu mata sun koyi aikin ba, mun rufe wa waɗannan mata ƙofa ke nan.

Kada kuma a ruɗi yaro. Albashin ba na duwan ba ne. Wuraren aiki su ne asibitoci, gidajen kaso, makarantu da ƙungiyoyi masu zaman kansu, kuma aikin ƙungiya yakan ƙare ranar da kuɗin shirin suka ƙare. Sannan binciken masana ya nuna kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinya sukan koma wa abin, kwatankwacin yadda hawan jini ko asma ke tashi bayan sun lafa. Ma'aikaci zai ga wanda ya yi wata shida lafiya lau ya dawo masa idanu jajur, dole ya sake shimfiɗa masa tabarma ba tare da gori ba. Saboda nauyin wannan ne masu aikin kan riƙa zama da wani babba a sana'ar, suna sauke masa abin da ya tokare musu ƙirji.

Akwai kuma nauyin da zai hau kan gidan da ma'aikacin ya fito. A garuruwanmu kowa ya san kowa, kuma da zarar an ji cewa ɗan wane ko ƴar wance na zuwa wurinsa, aure na iya fasuwa, aiki na iya kuɓucewa. Don haka uwa ta shirya tun yanzu: ɗanta zai dawo gida a gajiye, ta tambaye shi wa ya gani yau, ya ce mata ba zai iya faɗa ba. Maƙwabciya ma za ta shigo da sallama tana bugun ciki, kuma ita uwar ce za ta sallame ta ba tare da ta tafi da sunan kowa ba.