POIS: Lalurar Da Ke Kwantar Da Namiji Bayan Fitar Maniyyi

POIS lalura ce da ba kasafai ake samun ta ba, wadda ke kayar da namiji kusan duk lokacin da maniyyi ya fita daga jikinsa, ta saduwa ne, ko istimna'i, ko mafarki. Likitoci biyu 'yan ƙasar Holan, Marcel Waldinger da Dave Schweitzer, su ne suka fara bayyana ta a 2002, bayan sun duba wasu maza biyu.

Alamomin kan taso cikin daƙiƙoƙi, mintuna ko 'yan sa'o'i. Jiki ya mutu murus, hanci ya toshe, idanu su yi ja suna ƙaiƙayi, gaɓoɓi su ɗauki ciwo, ga zazzaɓi-zazzaɓi kamar mura ta kama mutum. Abin da masu lalurar suka fi kuka da shi kuwa shi ne dushewar tunani. Mutum ya karanta layi ɗaya sau uku bai fahimta ba, kalmar da ya sani sarai ta ɓace masa a tsakiyar magana, abu kaɗan ya harzuƙa shi. Haka zai yi fama kwana 2 zuwa 7, sannan ya warware da kansa. Wasu tun balaga suke da ita, wasu sai girma ya zo.

Masana ba su haɗu a kan musabbabinta ba. Waldinger ya tafi a kan cewa garkuwar jiki ce ke yi wa ruwan maniyyin mutum bore. A bincikensa na 2011 kan maza 45, an yi wa 33 gwajin fata da maniyyinsu, fatar 29 ta tashi. Sai dai hujjar ba ta gamsar ba, domin daga baya an ga fatar lafiyayyun maza ma tana yin haka. Wasu na zargin jijiyoyi ko sinadaran jiki.

Babu tsayayyen magani tukuna. An gwada magungunan ƙaiƙayi da borin jini, da na rage raɗaɗi, da wasu na damuwa. Wani ya dace, wani bai dace ba. Da yawa kan ƙaurace wa shimfiɗa, ko su jinkirta saduwa sai ranar da babu aiki washegari, abin da ke jefa aure cikin zargi idan ba a yi wa matar bayani ba.

A inda zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare, abu ne mai sauƙi a ɗora masa laifin, ko a ce sanyi ne, ko sammu. Ita kuwa POIS ba a ɗaukar ta, ba a kuma shafa wa mace. Tunda babu gwajin jini da ke nuna ta, da labarin majiyyaci likita ke gane ta. Wanda ya lura ciwonsa na bin fitar maniyyi sau da ƙafa, ya riƙa rubuta ranaku da alamomin, ya cire kunya ya kai wa likitan mafitsara.