Darasi Daga Saiwar Wake: Tsara Manhajar Haɗa Masu Fasaha

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tuge wake ko gyaɗa zai lura da wasu 'yan ƙululai a jikin saiwa. A cikinsu wata bakteriya mai suna raizobiyam take zaune, tana mai da naitirojin na iska takin da shuka za ta iya sha, ita kuma shuka tana biyanta da sukari. Matsalar da wake ya warware tun fil'azal ita ce masu tsara manhajar wayar hannu suke fama da ita: ta yaya marubucin waƙa zai sami makaɗi, ko mai labari ya sami mai zane, ba tare da an ƙwari ɗayansu ba? An daɗe ana gwadawa. A 2015 aka kafa BandLab a Singafo domin mawaƙa su yi aiki tare daga nesa, a 2016 kuma Vampr ta fito domin haɗa su da juna. Bari mu duba abubuwa huɗu da ya wajaba mai tsarawa ya kiyaye.

Abin da ka rasa

Manhajoji da yawa kan nuna wa mutum masu kama da shi. Amma mai murya ba wani mai murya yake nema ba, makaɗi yake nema. Saboda haka tambayoyi biyu ne ginshiƙin rajista: me ka iya, me ka rasa? Bugu da ƙari, kafin wake ya karɓi baƙuwarsa, saiwa takan fitar da wani sinadari, bakteriya ta amsa da nata, sai saƙonnin sun dace ƙofa take buɗewa. Kwatankwacin wannan a manhaja shi ne ɗan samfurin aiki, wato taƙaitaccen sauti ko zane, wanda ya fi dogon bayanin kai gaskiya, kuma ba ya cin data da yawa.

Yardar ɓangare biyu

A 1962 masana lissafi David Gale da Lloyd Shapley na Amurka suka fito da wata dabarar haɗa mutane. Kowa zai jera waɗanda yake so bisa fifiko. Ɓangare ɗaya zai miƙa tayi, ɗayan ya riƙe mafi kyau na wucin gadi, wanda aka ƙi ya matsa ga na gaba a jerinsa. A ƙarshe ba za a sami mutum biyu da suka fi son juna a kan abokan da aka ba su ba. Wannan aiki na cikin abin da ya jawo wa Shapley kyautar Nobel tare da Alvin Roth a 2012. Sai dai dabarar ta ɓangare biyu ce, alhali fim yana buƙatar ayari guda. Haka nan kowa zai ruga wajen 'yan tsirarun da suka yi suna. Maganin wannan shi ne a ƙayyade yawan tayin da mutum zai aika a rana, domin ya yi tunani kafin ya zaɓa.

Tsohon hannu da sabon jini

A 2005 Brian Uzzi da Jarrett Spiro suka buga nazarinsu kan wasannin kiɗa da waƙa na Broadway a Amurka, daga 1945 zuwa 1989. Sun gano cewa idan masu fasaha ba su san juna ba sosai, aiki yakan yi rauni. Idan kuma sanayya ta yi yawa, kullum su ya su, sababbin dabaru sukan ƙafe. Nasara ta fi yawa a tsakiya. Makiyayi ya san haka, domin garken da ba ya samun baƙon bijimi yakan lalace. Ashe ke nan ya kamata manhaja ta riƙa gauraya abokin aboki da baƙo.

Amana

Nan ne gizo ke saƙa. Matashin da ya aika da baitinsa ga wanda bai sani ba, ya wayi gari ya ji shi a bakin wani, ya yi asarar guminsa. A 2003 Toby Kiers da abokan aikinta suka nuna cewa waken soya yakan rage iskar oksijin ga ƙululun da ba ya samar da taki, wato yana hukunta maci amana. Ita ma manhaja tilas ta rubuta ranar da aka ɗora kowane aiki, ta sa a amince da kason kowa a rubuce kafin a saki cikakken fayil, ta kuma ɓoye lambar waya har sai duka biyun sun yarda. Waɗanda suka gama aiki tare ne kaɗai za su ba da shaida a kan juna, amma kada a binne sabon shiga don ba shi da tarihi.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗalibin da zai tsara irin wannan manhaja kada ya auna nasararsa da yawan masu rajista. Ya ƙirga waƙoƙi da littattafan da aka kammala, da kuma mutum nawa ne suka sami haƙƙinsu.