Yadda ake karatun kimiyyar sinadarai

Kimiyyar sinadarai, wadda ƴan kolej ke ce ma shimi, tana bayyana yadda abubuwa ke haɗuwa su ba da wani abu sabo. Ɗalibai da yawa suna tsoronta saboda alamominta. Sai su bari har daren jarrabawa su yi ta hadda, gari na wayewa komi ya zube.

Hadda tana da nata wuri. Dole ɗalibi ya san H idrojan ne, O oksijan, Na sodiyom. Amma ba sai ya haddace dukan sinadarai 118 na jadawalin da Mendeleyev ya fara tsarawa a 1869 ba. Ashirin na farko sun ishe shi soma aiki.

Sauran aikin na alƙalami ne. Ga misalin ruwa. Ɗalibi ya rubuta H₂ + O₂ → H₂O, sai ya ƙirga. A hagu ƙwayar oksijan 2 ce, a dama 1. Ina gudar ta shiga? Ai ba abin da ke ɓacewa a haɗin sinadarai, Lavoisier ya nuna haka tun ƙarni na 18. Sai ya gyara: 2H₂ + O₂ → 2H₂O. Yanzu kowane gefe yana da idrojan 4, oksijan 2. Wanda bai iya wannan ƙirga ba, lissafin nauyin sinadarai da ke gaba zai gagare shi.

Don haka ranar da aka yi darasi, da marece, ɗalibi ya rufe kaye ya sake aikin da kansa. Bayan kwana biyu ya ƙara gwadawa. Inda ya kakare ya sa alama, ya tambayi malam a aji, ko da abokansa za su yi dariya.