Lakar kan fa: halayen ƙasar kiwo ta tsaunin Biu da sunan da ya dace da ita a Hausa

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa fassara takardun aikin gona daga Faransanci zuwa Hausa ya san wahalar sunayen ƙasa. Manomin Maraɗi ko na Damagaram yana rarrabe jigawa da geza da fadama da fako, kuma kowace kalma tana ɗauke da hukunci game da abin da za a shuka. Matsala tana tasowa ne idan aka ci karo da ƙasar da babu irinta a yankinmu. A cikin wannan ɗan nazari za mu duba ɗaya daga cikinsu, wato laka marar zurfi, mai duwatsu, wadda ake samu bisa tsaunukan da aman wuta ya shimfiɗa. Mun ɗauki misalin tsaunin Biu, a kudancin jihar Borno ta Nijeriya. Za mu riƙa cewa "wurin kiwo" maimakon "makiyaya", domin a rubuce kalmar tana nufin wuri kuma tana nufin mutane. Karin sauti ne kawai ke bambanta su.

2. Asalin ƙasar

Tsaunin Biu shimfiɗaɗɗen tudu ne mai faɗin kimanin kilometir murabba'i 5000, tsayinsa daga matakin teku wajen metir 700. Bura da Pabir ne suka fi yawa a can, tare da Fulani masu kiwo. Dutsensa shi ne bazalt, wato narkakken dutse da ya kwararo daga cikin ƙasa ya daskare. Har yanzu ana ganin bakunan aman wutar, kuma tafkin Tilla a cikin ɗayansu yake.

Bazalt ba ya da ƙwayar yashi kamar dutsen garanit. Yana da ƙarfe da kalsiyam da magneziyam da yawa. Saboda haka idan ruwa da zafi suka ruɓar da shi, laka yake komawa, wato ƙwayoyin da ba su kai 0,002 na milimetir ba. Amma irin lakar ya danganta da yawan ruwan sama. A Ngawundere ta Kamaru, inda ruwa ke kai milimetir 1500 a shekara, tsohon bazalt ya ba da jar ƙasa mai zurfi. A Abzin, wajen Todra, ruwa ya yi ƙaranci har dutsen bai ruɓa sosai ba. Biu tana tsakanin biyun: akwai damina da ke ruɓar da dutse, akwai kuma dogon rani da ke tsai da aikin, ga zaizaya tana kwashe abin da ya samu a gangare.

3. Halayenta

(a) Rashin zurfi. A tsarin rarraba ƙasa na duniya da aka fara bugawa a 1998, ana kiran ƙasa leptosol idan aka tarad da fa kafin a haƙa santimetir 25, ko kuma idan duwatsu sun kusa cika ta. Tsarin Faransa na 1967, wanda masu binciken ORSTOM suka yi aiki da shi a Nijar, ya sa irin wannan cikin ƙasashen da ba su gama nuna ba.

(b) Kumbura da tsagewa. Lakar da bazalt ke bayarwa a wurin da rani ke da tsawo tana shan ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsage. Ruwan farko yana bi ta tsagogin ya shiga da sauri. Da ƙasar ta kumbura sai ƙofofin su rufe, ruwan da ya biyo baya ya kwanta ko ya gangara. Shi ya sa wuri ɗaya yake zama taɓo a watan Agusta, ya kuma taurare kamar tubali a Nuwamba.

(c) Ƙarancin ajiyar ruwa. A nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin an san laka da riƙe ruwa. Bari mu yi lissafi. A ce kowane santimetir na laka yana ajiye wa tsiro milimetir 1,5 na ruwa. Ƙasa mai zurfin santimetir 20 za ta ajiye milimetir 30 ke nan. Idan rabinta duwatsu ne, saura 15. Idan rana da ciyawa suna janye milimetir 5 kowace rana, cikin kwana uku ajiyar ta ƙare. Ɗan fashin ruwa na mako ɗaya ya isa ya ƙone gero ko dawa a irin wannan wuri.

(d) Duwatsu. Suna karya garma, suna rage wurin saiwa. Amma waɗanda ke bisa ƙasa suna tare ɗigon ruwan sama, suna rage gudun ruwa, suna kuma hana rana shanye damshin da ke ƙarƙashinsu.

(e) Ni'ima. Ƙasar ba ta da tsami, kuma gishirin da tsiro ke bukata ya fi na jigawa yawa nesa ba kusa ba. Abin da ke tauye ta shi ne zurfi da ruwa.

4. Dalilin barinta ga kiwo

Ciyawa mai ɗan gajeren rai tana tsira ta zuba iri kafin ƙasar ta bushe. Gamba da itatuwan dutse irin su hano da kukkuki suna cusa saiwa cikin tsagogin fa. Abubuwa biyu ke lalata wurin. Na farko, shigar shanu da yawa lokacin da lakar ke jiƙe, domin kofato yana danne ta, ruwa ya daina shiga. Na biyu, kwashe duwatsu da juya ƙasar da garma a gangare. Santimetir kaɗan da ruwa ya kwashe a damina biyu ko uku, dutse ba ya mayar da su sai bayan ɗaruruwan shekaru. A gindin gangare kuwa, inda lakar ta taru ta yi zurfi, ana samun baƙar ƙasa da ke ba da dawa da auduga.

5. Wane suna za a ba ta?

"Fako" shi ne ke fara zuwa bakin mai fassara, musamman mutumin Adar da ya saba da tudun duwatsu. Amma tudun Adar ba na aman wuta ba ne, marmara ce ta rufe shi. Bugu da ƙari, fako yana nufin ƙasar da ta mutu, wadda ake farfaɗowa da tassa ko rabin wata, ko da irin ayyukan da aka fara a Keita a 1984. Wanda ya karanta "fako" zai ɗauka wurin ba ya da amfani sai an haƙe shi. "Laka" ita kaɗai tana kai tunani ga fadama, ko ga firki na yankin tafkin Cadi, mai zurfi, inda ake dasa masakwa bayan damina. Mai karatu zai zaci ƙasar tana riƙe ruwa. "Yumɓu" na magina tukwane ne. "Taɓo" kuwa halin da ƙasa ke shiga ne idan ta jiƙe.

Shawararmu ita ce a ce "lakar kan fa". "Laka" ta faɗi irin ƙwayoyin, "fa" ya faɗi shimfiɗaɗɗen dutsen da ke ƙasa, "kan" kuma ya nuna kusancinsu. Idan ana son a ware ta aman wuta, sai a ƙara "baƙa" ko "ta bazalt".

6. Kammalawa

Mun ga cewa wannan ƙasa mai ni'ima ce amma marar zurfi, kuma kiwo mai tsari ya fi noma dacewa da ita. Sunan da muka kawo shawara ce kawai. Kafin a sa shi cikin ƙamus ko takardar malaman gona, ya kamata a gwada shi ga manoma da masu kiwo, a kuma tattara sunayen da Bura da Fulani ke ba ƙasar, tun da su ke zaune a kanta. Muna jiran gyara daga abokan aiki na sashen nazarin ƙasa.