Tsofaffin Kuɗin Ƙarfe: Jan Hankali ga Jama'ar Tambuwal da Kebbe

Muna jan hankalin jama'a, musamman hakimai da masu unguwanni, game da kwabo, anini da sule na zamanin Turawa da ake tsinta a gidaje, waɗanda aka daina amfani da su.

Ba kowane tabo ne kuskuren ma'aikatar buga kuɗi ba. Hujin tsakiyar kwabo da anini tun asali haka aka yi shi. Tsatsa, lanƙwasa, ko hujin da aka yi don ratayawa a wuya lalacewa ce, rage daraja take yi. Kuskure na gaske shi ne kamar kwabon Afirka ta Yamma na 1956 mai ɗauke da sunan Sarki George VI, alhali ya rasu tun 1952.

Kamfanonin PCGS da NGC na Amurka suna tantance kuɗi bisa maki 1 zuwa 70, amma ladansu da kuɗin aikawa sukan zarce darajar kwabo gama-gari. Don haka a fara ɗaukar hoton fuskokin biyu a nuna wa masani. Kada a goge shi da toka ko lemun tsami, kada kuma a yi gaggawar sayar wa dillali.